Ziyarar Gandun Daji: Yadda Za Ka Kauce wa Cunkoso

  Ina gaida mutanen Riko da Magama da cikin garin Jibiya. Ina gaida 'yan'uwa na tsallaken iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Madarunfa har Maraɗi. Direbobin da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Iyayenmu mata da ke tsakar gida da rediyo a gefe, sannunku da aiki.

Yau maganar gandun daji za mu yi. Gandun daji shi ne dajin da hukuma ta killace, ta hana farauta da saran itace da kiwo a cikinsa, domin namun daji su zauna lafiya, mutane kuma su zo su gani. Tambayarmu guda ɗaya ce. Yaya mutum zai ziyarci irin wannan wuri ba tare da ya faɗa cikin cunkoson jama'a ba?

Na san wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta kallon giwa? Maganarka tana kan hanya. Amma makarantunmu suna kai ɗalibai. Samarinmu suna yin karo-karo su ɗauki mota bayan Salla. Ma'aikaci yakan yi watanni yana tari don ya kai iyalinsa sau ɗaya. Wuyar da kuɗi ya yi ita ce ma dalilin da ya sa bai kamata a zubar da shi ba. Mutum ya yi tafiyar yini guda, ya biya kuɗin ƙofa, ya biya na ɗaki, ya dawo bai ga komai ba sai ƙeyar mutane. Wannan asara ce, kuma asara ce da ake iya kauce mata.

Bari mu fara da wurin da kowa ya sani, wato Yankari.

Yankari yana jihar Bauchi, a ƙaramar hukumar Alƙaleri. An killace shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Daga nan wajenmu, ka bi Katsina, ka bi Kano, ka bi Ningi ka faɗa Bauchi. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka ratse, har ka isa babbar ƙofa a Mainamaji. Daga ƙofar kuma da sauran tafiyar kusan kilomita 40 a cikin dajin kafin ka isa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake.

To, ku riƙe lissafin nan. Murabba'in kilomita 2,244. Daji mai wannan faɗi ba ya cika da mutane. Abin da ke cika wuri ɗaya ne, maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, har kana hango yashin ƙasansa. Ɗuminsa yana kan maki 31 a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina. Kowa can yake nufa. Kuma kowa rana ɗaya yake zuwa, a sa'a ɗaya.

Ina so ku ji wannan da kyau, domin shi ne gindin shirinmu. Cunkoso ba daga ƙarancin wuri yake zuwa ba. Daga haɗuwar lokaci yake zuwa. Rana ɗaya, sa'a ɗaya, wuri ɗaya.

Mu mutanen bakin iyaka mun san wannan tun muna yara. Ku dubi kasuwar Jibiya ranar Lahadi: motoci, amalanke, babura, dabbobi, ba masaka tsinke. Ku koma wannan filin ranar Talata, har yaro ya yi gudu a ciki. Filin bai ƙaru ba, ranar ce ta sauya. Bambancin kawai shi ne, a kasuwa cikar ake nema, domin a nan ciniki yake. A gandun daji kuwa, cikar ce ke korar abin da ka zo gani.

Wannan ya kawo mu ga maganar rana. Wace rana za ka je?

Ranakun da Yankari ke cika sanannu ne: ƙaramar Salla da babbar Salla, Kirsimeti da sabuwar shekara, hutun Ista, sai kuma Asabar da Lahadi. A waɗannan ranaku ɗakuna sukan ƙare. Motocin da ke shiga da baƙi cikin daji sukan yi kaɗan, sai an yi jira. Ruwan Wikki ya cika da mutane har ba ka iya miƙe hannu. Idan kana da iko, ka je tsakiyar mako. Ka isa Litinin ko Talata, ka fito Alhamis. Ɗan kasuwa da manomin da ya gama girbi sun fi ma'aikacin ofis 'yanci a nan, to su yi amfani da 'yancinsu.

Akwai kuma maganar yanayi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don mutane da yawa suna kuskure. Da damina daji yana da kyau, ko'ina kore shar. Amma ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake. Hanyoyin cikin dajin ma sukan ɓaci. Da rani kuwa, idan tafkuna suka ƙafe, sai dabbobi su gangaro kogin Gaji, wanda ya ratsa gandun. Ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mugun dawa, duk ƙishirwa ke haɗa su a bakin ruwa. Giwaye ma haka, kuma garken giwayen Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da ganin dabbobi shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu, cikin zafin bazara.

Ga inda matsalar take. A 'yan shekarun nan ƙaramar Salla tana faɗowa a daidai wannan tsakani. A 2024 ta zo cikin Afrilu, a 2025 ta zo ƙarshen Maris. Wato lokacin dabbobi da lokacin jama'a sun haɗu. Shawarata ita ce, ka yi Sallarka a gida tare da dangi. Ka bari mako guda ko kwana goma su wuce. Motocin yawon Salla sun koma, makarantu sun buɗe, amma rani yana nan, kogin Gaji yana nan, dabbobin ma suna nan. Mako guda kacal na haƙuri. Ba ka rasa komai ba.

Idan kuma zafin bazara ya fi ƙarfinka, ko kana tare da tsofaffi da ƙananan yara, to ka duba tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu. An gama hidimar sabuwar shekara, ana cikin hunturu, ciyawa ta fara kwanciya. Kuma babu lokacin da ɗumin Wikki ya fi daɗi kamar safiyar ɗari.

 Mun gama da rana. Yanzu sai sa'a.

Dabbar daji tana da nata tsarin yini. Da asuba take fita kiwo da shan ruwa. Rana na ɗagawa ta nemi inuwa ta kwanta. Sai yamma ta yi sanyi ta sake fitowa. Baƙo kuma fa? Baƙo yakan taso daga gari da hantsi, ya iso da azahar, ya juya kafin magariba. Kun ga ke nan, sa'ar da mutane suka fi yawa ita ce sa'ar da dabbobi suka fi ɓuya. Wanda ya zo da tsakar rana ya haɗa asara biyu: ga cunkoso, ga babu dabba.

Maganin wannan shi ne kwana. Ka kwana a sansanin. Ka yi sallar asuba, ka kasance cikin motar farko da za ta shiga daji. Motar farko, ina maimaitawa, motar farko. Ita ke tarar da sawu sabo a kan hanya. Ita ke tarar da dabbobi ba a firgita su ba tukuna. Da rana ka huta. Bayan la'asar ka sake fita. Ruwan Wikki kuma ka je masa da sassafe ko bayan masu yini sun tafi.

Ban ce tabbas za ka ga giwa ba. Daji ba gidan zu ba ne, babu wanda ya ɗaure dabba yana jiranka. Giwayen sukan yi nisa. Zaki kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, ganinsa sai mai babban rabo. Amma wanda ya kwana biyu ya fita sau uku ko huɗu ya fi wanda ya leƙa sau ɗaya da tsakar rana damar gani, nesa ba kusa ba.

Ka kuma tambayi ɗan rakiya, wato ma'aikacin gandun da ke shiga da baƙi, ya kai ka wuraren da jama'a ba su damu da su ba. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. Akwai rijiyoyin Dukkey, da aka haƙa a dā don tara ruwa. Akwai kufan maƙera, inda aka narka tama. Tarihi ne a zube, kuma sau da yawa za ka same su shiru yayin da Wikki ke ta hayaniya.

Abu biyu ƙanana kafin mu wuce. Birai na sansanin Wikki sun saba da mutane, suna fizge abinci a hannu, suna shiga ɗaki idan an bar ƙofa a buɗe. Kada a ba su abinci, kuma a ja wa yara kunne. Sannan akwai ƙudan tsando a dajin, shi kuma baƙin tufa da shuɗi suna jawo shi. Sa tufa mai haske, mai dogon hannu.

Yanzu bari mu leƙa waje kaɗan, don ku san ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka akwai gandun Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, shi ne gandun ƙasa na farko a duniya. Baƙinsa sukan haura miliyan 4 a shekara, akasarinsu kuma cikin watanni uku na zafi suke zuwa, har motoci su yi jerin gwano a cikin daji. A Kenya akwai Masai Mara. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da garkunan dabbobi ke tsallaka kogin Mara, motocin baƙi sukan yi dafifi a bakin ruwan har su tare wa dabbobin hanya. A can ne wani bincike da aka wallafa a 2018 ya duba wata dabba dangin damisa, wadda ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa. Aka gano cewa uwayen da ke zaune inda motocin baƙi suka yi yawa ba sa iya raya 'ya'ya kamar waɗanda ke inda babu damu. Ita kuwa Ruwanda sai ta yanke hukunci a kan manyan biranta na kan duwatsu: mutum 8 kacal ke ziyartar kowane garke a rana, kuma sa'a guda za su yi su juyo.

Na kawo wannan ne don ku ga cunkoso ba baƙo kaɗai yake cuta ba. Yana cutar dabba. Ƙarar mota, kiɗa, ihu, leda da robar ruwa da ake zubarwa, duk suna da illa. Ni a ganina, wanda ya zaɓi ranar da ba kowa, ya rage murya, ya kwashe shararsa, ya sauke wani hakki ne da ke kansa. Waɗannan halittu amana ce, kuma 'yan kaɗan suka rage mana.

Jama'a, yanzu mun zo ɓangaren da ya fi kowane nauyi a wurina. Don Allah a ƙara kasa kunne.

Daji marar mutane iri biyu ne. Akwai wanda babu mutane saboda yau Talata ce. Akwai wanda babu mutane saboda tsoro ya kore su. Kada ka haɗa su. Kada wani ya ce maka, ga wani daji can, babu cunkoso ko kaɗan, ka ɗauki iyalinka ka nufa. Ka fara tambaya: me ya hana mutane zuwa?

Mu a Jibiya ba sai an yi mana bayani ba. Dajin Rugu yana maƙwabtaka da mu, mun san abin da ya zama. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari yana cikin yankin da 'yan bindiga suka daɗe suna addaba. Gandun tafkin Kainji ma ya sha fama da masu ɗauke da makamai. A Nijar, gandun W da ke iyaka da Benin da Burkina Faso, wanda dā baƙi ke tururuwa, yau wuri ne mai haɗari. Kuma ba mu manta da Kure ba, garin raƙuman dawa, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, kuma kallon raƙuman dawa suka je. Allah ya kiyaye mu.

Saboda haka kauce wa cunkoso da nake faɗa, a cikin wurin da ke da ma'aikata da tsaro nake nufi. Ka sauya rana, ka sauya sa'a, amma kada ka sauka daga hanyar da hukuma ta sani. Ko Yankarin ma, ƙauyukan da ke gefensa sun ga hare-hare a shekarun nan. Ka buga waya ga ofishin gandun kafin ka taso. Ka tambayi direbobin tasha da suka bi hanyar cikin makon, don su ne ke da sabon labari. Kada ka yi tafiyar dare don ka riga mutane isa. Gara ka kwana a Bauchi, gari ya waye ka ƙarasa. Kuma a cikin gandun kada ka raba hanya da ɗan rakiya, komai shirun da kake nema.

To, wanda ba shi da halin zuwa Bauchi fa? Bari mu dawo kusa da gida.

Idan ka tsallaka ta Magama ka wuce Ɗan Isa, kafin ka kai Maraɗi akwai tafkin Madarunfa. Tafki ne mai masunta da tsuntsayen ruwa, kewaye da kaburburan da ake cewa na waliyyai 99 ne. Tun 2006 Nijar ta sa shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Lokacin ɗari tsuntsaye masu ƙaura sukan sauka a irin waɗannan tafkuna, wasunsu daga Turai suke tasowa su ƙetare Sahara. Ka je da sassafe, ranar aiki, lokacin da masunta ke duba taru. Amma ka tsaya a bakin tafkin da cikin gari. Dazuzzukan da ke kudu da yamma da shi, wajen Baban Rafi, suna fama da irin ciwon da muke fama da shi.

Can arewa da Maraɗi kuma, a ƙasar Dakwaro, akwai gandun Gadabeji, da aka killace a 1955. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure aka sake su a can. Wannan jinsi na raƙumin dawa a Nijar kaɗai ya rage a duniya. A 1996 saura kimanin 50, amma da kulawa suka farfaɗo suka haura 600. Gadabeji ba wurin da mutum zai tashi kai tsaye ya nufa ba ne. Sai ka fara zuwa wurin jami'an gandun daji a Maraɗi ko Dakwaro, su faɗa maka halin hanya, su haɗa ka da ɗan rakiya. Idan suka ce a dakata, a dakata. Dokokin ƙetare iyaka kuma sun sauya sau da dama tun 2019, don haka ka tambayi jami'an shige da fice takardun da ake buƙata a yau, kada ka dogara da abin da ka sani bara.

Kalma ta ƙarshe ga malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa, ku da kuke ɗaukar 'ya'yan mutane. Ko gidan zu na Audu Baƙo a Kano za ku kai su, kada ku zaɓi ranakun Salla, lokacin da ƙofa ke cika yara suna ɓacewa iyayensu. Ku je tsakiyar mako cikin zangon karatu. Ku raba yaran ƙungiya-ƙungiya, kowace da malaminta. A ƙirga su wurin shiga mota, a ƙirga su wurin fita.

Idan kuma bakin ruwa ne, ko madatsar ruwa ta Jibiya, ko tafkin Madarunfa, to a kula da kwalekwale. Ranar biki mai kwalekwale yakan ɗauki fiye da ƙima, don kowa na gaggawa. Muna tuna abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu da rahama. Idan ka ga jirgi ya cika, kada ka sa yaro a ciki. Ku jira ya je ya dawo, ko da za ku yi sa'a guda a tsaye.